Jijiyar da Na Ba Lamba Biyu

Duk shekara sai an turo min ɗalibai su zo koyon aiki a shagona da ke Ƙofar Kwaya, kuma duk shekara sai an samu mai ƙarfin halin da zai leƙa kwamfutata, ya ga abin da nake rubutawa, ya ce, "Baba Injiniya, wai wannan ne aikin naka? Layi goma sha biyu?" Eh, shi ne. Wani lokaci ma bai kai sha biyun ba. Kuna ganin in an ajiye muku shayi za ku gama shi kafin shayin ya huce, kuma ban ƙaryata ku ba, rubutawar ba ta da wuya. Sai dai layi ɗaya irin waɗannan ya taɓa sa an kira wani bawan Allah ɓarawo a garinsu. Malam Isiyaku sunansa, kuma ni na rubuta layin da hannuna. Ku jawo benci ku zauna.

Bari in fara da mene ne aikin, don rabinku kun yi wata uku a nan ba ku iya faɗarsa da Hausa ba. Muna haɗa akwatin da ke sarrafa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. A cikin akwatin akwai allo kore, a kan allon akwai ƙananan aisi, kowanne da aikinsa. Wannan yana tuƙa injin famfo, wannan yana riƙe da sim yana aika rahoto ofis, wancan yana auna ruwan tanki. Manhajar da ke shugabantar su makauniya ce, ba ta san abin da ke kan allon ba sai an rubuta mata. Rubutun nan shi ake kira bishiyar na'ura, don yana tashi daga tushe ya yi rassa, kowane aisi da reshensa. Ni ɓangarena risetin ne. Aisi yana sandarewa kamar yadda wayoyinku ke yi, sai an kashe an kunna. A kan allon akwai wanda aikinsa ke nan, daga jikinsa siraran hanyoyin tagulla suka fita, muna ce musu jijiyoyi, kowacce ta nufi aisin da za ta farkar. Ni nake tsara yarjejeniyar: jijiya nawa ce, wace lamba kowacce za ta amsa, wa ke da ikon jan wacce. Da zarar an zuba rubutun a akwatuna an loda su a mota, magana ta fita daga hannunka. Manhajar da za a yi nan da shekara goma ma dole ta bi abin da ka rubuta yau.

Rediyon farko da aka bari na buɗe na wani mai shayi ne a Ƙofar Marusa. Ubangidana Malam Sama'ila mai rediyo, Allah ya jiƙansa, yana da doka: ba ka taɓa ƙarfen soda da dalma sai ka bi kowace waya da mita ka zana ta a takarda da fensir. Na yi kwana biyu ina bi, idona ya gaji, sai na lallaɓa na ɗauko littafin da ke da zanen irin wannan rediyo na kwafe tsaf. Malam ya karɓa ya duba, ya duba rediyon, ya sake duba takardar. Ashe wani ya taɓa gyara rediyon ya sauya wa waya ɗaya wuri. Bai dake ni ba. Ya yaga zanen gida huɗu, ya miƙo min fensir, ya ce, "Littahi ya san rediyon da anka ƙera. Bai san wanga ba." Daga rediyo na koma talabijin, daga nan injin canza wutar batir, kwamfuta kuwa sai da furfura ta fara fito min na koye ta. Har yau kayan aikina ba su wuce mita, gilashin ƙara girma, ƙarfen soda da fensir ba. Kwamfutar ita ce ta ƙarshe da nake kunnawa.

Aikin rijiyoyin ya zo mana ta hannun wata ƙungiya mai tona wa ƙauyuka ruwa. Wadda ta zana allon ita ce Injiniya Rifkatu, abokiyar aikina. Iyayenta 'yan kudancin Kaduna ne amma a nan Katsina aka haife ta, kuma Hausarta ta fi ta wasunku. Jijiya uku kawai mai risetin ɗin ke iya fitarwa, masu buƙata kuma huɗu ne. Sai ta haɗa aisin famfo da aisin sim a kan jijiya ta uku. Wannan ba laifi ba ne, ana yin haka ko'ina, muddin za a gaya wa manhaja gaskiya. Ta gaya min da baki, ta kuma zagaye wurin da jan biro a takardar zanen.

Da na rubuta haka, manhaja ta turje. Ta ce jijiya ɗaya ba ta da ubangida biyu, wanda ya fara kamawa shi ke da ita. Hanyar da ta dace ita ce in rubuta cewa ta tarayya ce, sannan in zauna in koya wa kowane ɓangare kada ya ja sai ya tabbata ɗan'uwansa ba ya tsakiyar aiki. Aikin mako guda ke nan. Motar da za ta kwashi akwatunan kuma ranar Alhamis za ta tashi, ga shi muna Litinin. Sai wayo ya zo min. Na ƙirƙiri lamba huɗu, na nuna ta ga jijiyar nan ta uku. Famfo ya ɗauki uku, sim ya ɗauki huɗu, kowa yana ganin tasa ce shi kaɗai. Manhaja ta yi shiru. Muka gwada kwana biyu a durom ɗin bayan shago, ruwa yana zuba ba tangarɗa.

Rifkatu ta leƙo ta karanta, ta ce, "Baba, ina jijiya ta huɗu take? Ni dai uku na zana."

Na ce, "Tana cikin kwamfuta."

Ba ta yi dariya ba. Na yi mata lissafi. Aisin sim ba a yi masa risetin sai ya nemi sabis ya rasa na tsawon minti biyar, abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi. In ya faru, famfo zai tsaya ya ɗan huta ya tashi, ba wanda zai lura. Ta ce ba ta yarda ba, amma ni ne babba. Kuma ku ji da kyau, lissafina daidai ne. Shekara biyu rijiyoyin nan suna ba da ruwa, ba wanda ya kawo ƙara.

Sai shekarar da aka rufe sabis ɗin waya a wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar tsaro. Mu a cikin birni wayoyinmu suna aiki, don haka abin bai tsaya min a rai ba. Wata ranar kasuwa da hantsi ɗan acaɓa ya sauke wani dogon mutum a ƙofar shago, rungume da abu a cikin buhu kamar jariri. Malam Isiyaku ke nan, manomi daga wani ƙauye yamma da nan, ba zan faɗi sunan garin ba. Shi mutanen garin suka zaɓa ya riƙe mabuɗin ɗakin famfo saboda amanarsa, shi ke share farantan sola da tsumma kowace safiya. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi gona da mutanen gida da yadda suke fama da zaman ɗar-ɗar. Sannan ya kwance buhun.

Ya ce, "Injiniya, abin nan ya ƙi. Shi tashi, shi tsaya, shi tashi, shi tsaya. Sati ukku tanki bai cika ba. Mata sun koma rafi, kuma ka san rafi yanzu ba wurin zuwa ba ne."

Na ɗora akwatin a tebur, na jona shi da durom, ya yi aiki har la'asar bai ko yi tari ba. Na ce masa lafiyarsa ƙalau, ya je ya ƙara goge faranti, ya duba ko ɓera ya ci waya. Ya yi godiya ya nannaɗe kayansa.

Bayan mako biyu ya dawo da buhun. Na sake gwadawa, akwati ya sake yin aiki kamar sabo. A lokacin na fara jin haushi, don aiki ya yi min yawa, kuma a raina na riga na yanke cewa mutumin ƙauye ne ke taɓa abin da bai sani ba. Da zai tafi ya ce mai gari ya ce ya taho da takarda. Na ɗauko takarda mai sunan shago na rubuta cewa an binciki akwati an same shi lafiya, in akwai matsala daga wurin masu kula da shi take. Na sa hannu, na buga hatimi. Sabon hatimi ne, ina son buga shi.

Zuwansa na uku ba buhu. Ya zauna a bencin nan da kuke kai, ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa. Ya ce an karanta takardata a ƙofar masallaci bayan Juma'a. Mutane suka ce tunda injiniyan birni ya ga akwati lafiya, to a hanya Isiyaku yake cire kayan ainihi ya sayar a Babbar Kasuwa ya sa na banza. Mai gari ya karɓe mabuɗi ya ba wani. Famfo bai daina tsayawa ba, amma wannan ma aka ce shaida ce, ai ya riga ya gama ɓarnar. 'Ya'yansa mata in sun je rafi ana ce musu ɗiyan mai sayar da ruwan gari.

Ya ce, "Ban zo roƙon komi ba. Magana guda na taho da ita, ta mai ɗakina ce. Ta ce in gaya maka ta ƙirga. Jarka biyu da rabi, sai shi tsaya. Da sahe haka, da azahar haka, kullum jarka biyu da rabi. Ta ce abin da ya lalace ai bai da awo."

Rifkatu tana can ciki tana soda, ashe kunnenta yana wurinmu. Ta ajiye ƙarfen ta fito, ta gaishe shi, ta ce, "Malam, akwai sabis a garinku?"

Ya ce, "Ina hwa sabis? Tun da anka ruhe, sai mutum ya taho nan birni shi kira ɗan'uwa nai."

Ta juyo ta kalle ni. Muna da irin akwatin guda a shago. Na kwance masa eriya, na juye tsofaffin rediyoyi daga wata adakar ƙarfe, na sa shi ciki na rufe, wayoyin famfo kawai suka leƙo ta ƙarƙashin murfi. Ƙarfe ya tare sabis, akwati ya zama kamar yana ƙauyen. Muka kunna, mu uku muka zuba wa agogon bango ido. Minti biyar cif, ruwa ya ɗauke. Ya huta, ya tashi, minti biyar, ya sake ɗaukewa. Aisin sim yana neman sabis ya rasa, manhaja ta ja masa lamba huɗu don ta farkar da shi, ba ta san famfo take bugewa ba, tunda na rantse mata jijiyar daban ce. A teburina kuwa sabis cike yake, shi ya sa sau biyu akwati yana yi min ladabi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun ranar da Malam Sama'ila ya yaga min zane.

Abu na farko da hannuna ya nufa shi ne in goge lamba huɗu, kamar ba a taɓa yin ta ba. Rifkatu ta ce, "Baba, akwatunan da ke ƙauyuka fa? Dukansu lamba huɗu ke rubuce a cikinsu." Gaskiyarta. In sabuwar manhaja ta je ta tarar da lambar da ba ta sani ba, ba tsayawa famfo zai riƙa yi ba, ƙin tashi zai yi gaba ɗaya. Wannan shi ne abin da ba ku gani a layi goma sha biyun nan. Dole muka bar huɗu a wurinta, muka koya wa manhaja cewa huɗu da uku abu ɗaya ne, kuma ta tarayya ce. In sim ya sandare, ya yi haƙuri har rana ta faɗi famfo ya tsaya da kansa, sannan a farkar da shi. Sababbin akwatuna muka ba su sabon suna da rubutun gaskiya. Mako guda ya ɗauke mu, daidai makon da na guje wa tun farko. Lamba huɗu tana nan a fayil har yau, da bayani a ƙarƙashinta da sunana. Duk wanda ya goge ta a cikinku don ya ga ba ta da kyau, ya nemi wani shagon.

Gyaran ba ya aikuwa ta waya tunda ba sabis, sai an je da kwamfuta rijiya-rijiya, kuma mun yi watanni muna yi. Amma garin Malam Isiyaku ne farko. Da ya dawo ranar da muka yi da shi, na ce zan tura yaro ya kai gyaran, in kuma rubuta sabuwar takarda mai wanke shi, in buga hatimi biyu in yana so.

Ya girgiza kai ya ce, "Takarda ta riga ta yi magana, Injiniya. Kai nika so."

Ba zan ɓoye muku ba, tsoron hanyar nan nake ji. Shekara guda ban fita yamma da birni ba. Iyalina suka ce kada in je. Na tafi ranar Juma'a da sassafe cikin ayarin motocin 'yan kasuwa, kwamfuta a cikin buhun taki don kada ta ja ido, ina karanta duk addu'ar da na sani. Allah ya kai mu lafiya. Wanda aka ba mabuɗin ya buɗe min ɗakin famfo yana hararar Malam Isiyaku. Na jona, na zuba sabuwar manhaja, ba a fi minti goma ba. Famfo ya tashi da hantsi, bai tsaya ba. Kafin a kira salla tanki ya cika yana ambaliya, yara suna wanka a ƙarƙashinsa, mata sun yi layi har bakin hanya.

Mai gari ya kira mu zaurensa, dattijo ne mai fara'a, ya sa aka kawo fura. Ya ce komai ya wuce, ya zaro mabuɗin daga aljihu ya miƙa wa Malam Isiyaku. Shi kuwa bai miƙa hannu ba.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ba a zaure anka ce mani ɓarawo ba."

Don haka bayan an idar da Juma'a, kafin mutane su watse, mai gari ya ce a dakata, baƙo yana da magana. Na miƙe a ƙofar masallaci, a daidai inda aka karanta takardata. Na ce musu ba wanda ya cire ko ƙusa ɗaya a akwatin nan. Na ce kamar mutum ne ya ɗaure jaki da akuya a igiya ɗaya, ya ce wa mai kiwo igiya biyu ce, duk sanda aka fizgi akuya sai jaki ya faɗi. Na ce ni ne na ce igiya biyu ce.

Wani tsoho da ke zaune a gaba, sanda a kan cinyarsa, ya ɗago ya ce, "Malam Injiniya, kuskure ne, ko kana sane?"

Da na ce kuskure ne, da kowa ya ce Allah ya kiyaye gaba, an tashi. Kalmar tana bakina.

Na ce, "Ina sane, Baba. An gaya min, na ce ba komai."

"Takardar hwa?"

"Ita ban bincika yadda ya kamata ba, na sa hannu."

Wasu suka sunkuyar da kai, ba don ni ba, don sun tuna abin da bakinsu ya faɗa. Mai gari ya taso da kansa ya sa mabuɗin a tafin Malam Isiyaku a gaban kowa, ya riƙe hannun ya daɗe bai saki ba. Liman ya yi addu'a, mutane suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hannu.

Ina haɗa kayana don in riski motocin komawa, sai ga shi ya zo. Na ɗauka godiya zai yi ko faɗa, na shirya wa kowanne. Sai ya ce, "Injiniya, taho ka gwada mani ita, igiyar."

Muka koma ɗakin famfo, ya buɗe da mabuɗinsa. Na kwance murfin akwatin, na ba shi gilashin ƙara girma, na ɗora bakin fensir a kan jijiya ta uku. Ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, kaurinta kamar silin gashi. Ya durƙusa ya kafa mata ido, ya daɗe, injin yana ta gurnani a ƙarƙashinmu.

Ya ce, "Wagga?"

Na ce, "Ita ce."

Ya miƙo min gilashin, ya ce, "To, ruhe. Kar ƙura ta shiga."